Leda Da Lasisi: Wa Zai Share Filin Taro A Gaya Da Ajingi?

Kalmar "leda" baƙuwa ce a Hausa, kuma duk sa'ad da na tuna asalinta, a matsayina na ɗalibin ilimin harshe, sai takaici ya kama ni. Daga Ingilishi muka aro ta, inda take nufin jemammiyar fata. Wato mu da ƙasarmu ta shahara da jima da dukanci shekaru aru-aru, mu ne muka ɗauki sunan fata muka laƙa wa wata aba da ba ta ruɓewa, wadda in akuya ta haɗiya sai mahauci ya tarar da ita a dunƙule cikin tumbi.

Mai karatu zai ce wannan ai matsalar birni ce. A ganina ƙauye ta fi yi wa illa, domin manomi da ƙasa yake ci. A da, juji dukiya ne a ƙasar Kano. Toka da kashin dabbobi da ɓawon gyaɗa da sharar tsakar gida ake tarawa, idan bazara ta kawo kai a loda a mangala, jaki ya kai gona. Da wannan taki aka yi ta noma gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da ta gaji ba. Yau manomin Gaya ko na Ajingi da ya kwashi juji sai ya tsaya tsintar leda kafin ya baza shi, abin da ya kuɓuce masa kuwa ya shige ƙasa, ya tare ruwa, ya hana saiwa tafiya. Wadda ba ta je gona ba tana cikin lambatu. Ba na cewa leda ce ta jawo ambaliyar da ta rushe ɗaruruwan gidaje a Ajingi a daminar 2022, amma kowa ya san toshesshiyar magudana ba ta taimakon gidan ƙasa.

To, daga ina take tulowa haka? Mafi yawa daga taro. Ranar kasuwa, ɗaurin aure, walimar saukar karatu, hawan Sallah, uwa uba gangamin siyasa, inda ake sauke ruwan leda jaka-jaka, a raba shinkafa cikin farar roba mai kumfa, a watse kafin magariba. Mai taro ya sha yabo ya tafi, washegari iska ta raba sharar tsakanin gonaki da shingaye. Iyayenmu ma sun yi taro, har wanda ya fi namu, amma da akushi da ƙwarya da randa da moɗa suka yi shi, kayan da ake wankewa a mayar wa masu su.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, ikon gyara wannan lamari yana nan a rubuce tun tuni. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya damƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da kwashe shara, da sa ido kan kantuna da gidajen abinci da gidajen burodi. Sai dai a aikace, lasisi a wurinmu ya zama takardar shaidar biyan haraji kurum. Ka biya, a buga maka hatimi, sai baɗi. Hukumar NAFDAC takan duba tsaftar ruwan da ke cikin leda kafin ta ba da lamba, amma makomar ledar bayan an sha ba hurumin da take bi ba ne. Wannan giɓin ne ya kamata sakatariyar Gaya da ta Ajingi su cike, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce kuɗin ƙananan hukumomi nasu ne kai tsaye.

Shawarata ita ce a ɗaura wa izini sharaɗi. Duk mai neman filin gwamnati ko na makaranta don taro ya ajiye wani abu a hannun hukuma. In ya bar filin fes a mayar masa da kuɗinsa, in ya bar shi kaca-kaca a biya matasan unguwa su share. Mai kamfanin ruwan leda, kafin a sabunta masa takarda, ya nuna inda yake karɓar ledojin da aka sha. Wannan ba sadaka ba ce, domin a Kano akwai masu sayen tsohuwar roba a kan sikeli suna narkawa. Mai gidan burodi da tandarsa ke cinye itace kullum ya nuna bishiyoyin da ya dasa, kuma suka rayu. Ina jaddada "suka rayu", don mun sha ganin bikin dashen itace da akuya ke kammalawa bayan kwana uku.

Wasu abokaina na ganin a haramta ledar gaba ɗaya, kamar yadda Ruwanda ta yi a 2008, Kenya a 2017, ko yadda Legas ta hana farar robar abinci a Janairun 2024. Robar abinci kam ina tare da su, tun da kwanon sha da faranti ba su ɓace daga kasuwa ba. Ruwan leda kuwa sai an yi hattara. Garin da famfo ba ya kawo ruwa, ka hana mutum ruwan leda ka tura shi kududdufi, ka sayo kwalara da kuɗin tsafta ke nan.

Tsorona ɗaya ne: kada kuɗin ajiyar ya rikiɗe ya zama sabuwar kafar tatsar talaka. Shi ya sa nake ganin a sa masarauta a ciki. Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa Abagayawa maƙera suka tashi suka zauna a Dala, tana da hakimai da dagatai da masu unguwanni da suka san wanda ya yi taro da inda ya yi shi. A da, jin an ce duba-gari na tafe ya isa a share kowane lungu. Ma'aikatan lafiyar muhalli suna nan a sakatariya har gobe. A ba su babur da littafin rasiɗi, a liƙa sunayen waɗanda aka mayar wa kuɗinsu a ƙofar fadar hakimi, a fara gwadawa da taron siyasa na farko da za a nemi izininsa.