Yohanna ko Yahaya? Tafiyar da Sunayen Littafi Mai Tsarki Suka Yi

Sau da yawa a lokacin sujada akan ce a buɗe Yohanna, sai wani ɗalibi ya yi ta juya shafuka bai samu ba, domin a nasa littafin Yahaya aka rubuta. Har gardama takan tashi, wannan ya ce nasa ne daidai, wancan ya ce a'a. Gaskiyar magana ita ce, mutum ɗaya ne. Sunan ne ya sha tafiya kafin ya iso gare mu.

Mu fara da Ibraniyawa. A wurinsu suna magana ce mai ma'ana. Ishaku yana nufin dariya, Isma'ilu kuwa Allah ya ji. Sunayen da suka ƙare da "el" suna ɗauke da sunan Allah, kamar Daniyel, wato Allah ne alƙalina. Masu ƙarewa da "ya" suna ɗauke da sunan Yahweh. Obadiya, alal misali, bawan Ubangiji ke nan, kusan daidai da Abdullahi. Yadda muke taron suna bayan kwana 7, haka aka raɗa wa Yesu suna a rana ta 8, ranar da aka yi masa kaciya (Luka 2:21). Ba su da sunan iyali. Sukan ce "ben" ko "bar", wato ɗan wane. Bartimawas ɗan Timawas ne. Wani lokaci kuma sukan jingina mutum ga garinsu, kamar Yusufu na Arimatiya, yadda mu ma muke cewa wane Tsafe, wane Bungudu.

Wajen shekara 250 kafin haihuwar Almasihu, Yahudawan Iskandariya ta ƙasar Masar suka fara juya Attaura zuwa Helenanci. Da wannan harshe kuma aka rubuta Sabon Alkawari. To, Helenanci ba shi da sautin "sh", kuma sunayen maza galibi da "s" suke ƙarewa. Ta haka Yeshuwa ya zama Iyesus, inda Yesu ya samo asali. Mutane da yawa a lokacin suna biyu gare su, na gida da na Helenanci. Kefas shi ne Bitrus, duka biyun dutse suke nufi. Tabita ita ce Dokas, wato barewa. Toma shi ne Didimas, ma'ana ɗan tagwaye.

Zango na gaba shi ne Larabci, wanda ba shi da harafin "p". Shi ya sa Petros da Paulos suka zama Butrus da Bulus, mu kuma muka ce Bitrus da Bulus.

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller na C.M.S. Zariya ya sha wahalarsa tare da abokan aikinsa. A ciki aka rubuta Matta, Yohanna da Ru'ya ta Yohanna. Fassarar 1979 kuwa ta kawo Matiyu, Yahaya da Wahayin Yahaya. Yohanna ya fi kusa da Yohanan na Ibrananci, wato Ubangiji ya yi alheri. Yahaya kuwa shi ne sunan da Hausawa suka daɗe da sani, tare da Musa, Dauda, Ayuba da Yunusa, waɗanda maƙwabtanmu Musulmi a Rawayya da Gusau suke amsawa kamar yadda muke amsawa.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, wanda aka raɗa masa Bitrus a gida kada ya ji kunya ya mai da kansa Peter da zarar ya shigo makaranta. Na Turanci ma aro ne, bai fi namu kusa da asali ba. In an koma gida hutu, kowa ya tambayi iyayensa dalilin da ya sa suka zaɓa masa sunansa, ya nemi ma'anarsa, sa'an nan ya yi ƙoƙari halinsa ya yi daidai da shi.