Bagazam: Dutsen da ake hawa da jaki da salka

Tun da aka rufe iyakar Nijar da Benin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023, kayan Nijar da yawa suka koma sauka a tashar jiragen ruwa ta Lome, daga nan manyan motoci su kwasa su ratsa ta Burkina Faso. Shi ya sa sunayen garuruwan arewa suka ƙara yawa a bakin mutanen Zango, unguwar nan da aka tayar daga tsakiyar birnin Lome a 1977 aka kai ta Agoè. A teburin mai shayi sai ka ji direba yana zancen Yamai da Tawa da Agadas. To amma tambayi yaron da aka haifa a nan me ke gaba da Agadas, zai ce maka rairayi. Alhali kuwa duwatsun Azbin ne ke can, kuma a cikinsu wuri mafi tudu a duk ƙasar Nijar yake.

Buzaye suna kiran wannan ƙololuwa Idukal-n-Tagas. Bisanta mita 2,022 daga doron teku, wato ta ninka dutsen Agu na kusa da Kpalimé, wanda shi ne mafi tsawo a Togo da mita 986. Tana kan Bagazam, wani makeken tudu mai gefe a tsaye, arewa maso gabas da Agadas. Tsofaffi sun san sunan ta wajen dokin Bagazam da ake yabo a ƙasar Hausa, Gobirawa kuma har yau suna cewa daga Azbin kakanninsu suka gangaro.

Masana ƙasa sun gano cewa narkakken dutse ne ya taso daga ƙarƙashi shekara kusan miliyan 400 da suka wuce, ya daskare ya zama dutse mai tauri. Iska da ruwa suka cinye abin da ke kewaye da shi, shi ya tsaya. Irin wannan jeri ne ya miƙa kudu ta Damagaram har zuwa tudun Jos, sai dai na kudu sun fi ƙuruciya.

Mai son hawa yakan fara daga wajen Tabelot, a gindin dutsen. Daga nan ƙafa ce. Tsoffin hanyoyin suna bin tsagar dutse, wani wuri faɗinsu bai wuce na jaki da kayansa ba. Akwai inda za ka ajiye sanda ka kama dutse da hannu biyu, ka laluba inda babban yatsa zai zauna kafin ka ɗora nauyinka. Kana cikin wannan haki sai ka ji sawu daga sama: jakuna ne ɗauke da buhunan albasa da tafarnuwa, wani yaro da silifa yana binsu yana waƙa. Abin da baƙo ya zo daga nesa ya ɗauka bajinta, shi yaron hanyar kasuwarsa ce. A ganina duk wanda zai yi zancen hawan Bagazam, da waɗannan mutane ya kamata ya fara, domin su suka jera duwatsun da yake takawa, su ne kuma ke gyara su bayan kowace damina.

A saman akwai ƙauyuka da masallatai da lambuna. Ana noman albasa da dankalin turawa da alkama, ana ɗebo ruwan rijiya da raƙumi ko sa, dabbar tana ja, guga yana juyewa cikin kwarami. Abin da ya sa noma ke yiwuwa a tsakiyar hamada shi ne tudu. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da maki shida da rabi ko kusa da haka. Agadas tana wajen mita 500, saboda haka ƙololuwar ta fi garin sanyi da maki goma. Da hunturu, a watan Disamba da Janairu, ruwa yakan daskare a can da dare. Mutumin Lome da bai taɓa neman bargo biyu ba, nan zai nema.

Ciwon ƙarancin iska da ake jin labarinsa a Kilimanjaro ba shi ne abin tsoro a nan ba, don galibi sai an haura mita 2,500 yake kama mutum. Ƙishirwa ce abin tsoro. A Lome iska jiƙe take, gumi yana tsayawa a jiki, riga tana jiƙewa, ka san kana zubar da ruwa. A Azbin gumin yana bushewa tun kafin ka gan shi, sai farin gishiri a wuyan riga. Mai hawa cikin rana yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya bai sani ba. Alamar farko fitsari ya yi duhu ya ragu, sai ciwon kai, sai ƙafa ta fara kuskuren mataki, kuma a gefen rami kuskure ɗaya ya isa. Shi ya sa jagaba yake tayar da mutane tun asuba, ya sauke su a inuwa da hantsi ya yi, ya raba ruwa kaɗan-kaɗan ba tare da jiran a ce ana jin ƙishi ba. Salkarsa ta fata tana tsattsafo a hankali, iska tana busar da tsattsafon, ruwan ciki yana yin sanyi. Guzurinsa na gero da dabino da cuku da aka daka tare yana mayar wa jiki ƙarfi da gishiri.

Da damina kuma, daga Yuli zuwa Satumba, ruwan ne da kansa ke kisa. Dutse ba ya shan ruwa. Hadari ya zuba a sama inda ba ka gani, cikin ɗan lokaci busasshiyar ƙorama ta cika ta taho da itatuwa da duwatsu. A farkon Satumban 2009 irin wannan ambaliya ta ƙoramar Telwa ta rushe gidaje masu yawa a Agadas. Babu Buzun da zai shimfiɗa tabarmarsa a cikin ƙorama a wannan lokaci, komai laushin yashinta.

Wahalar hawan ita ta mai da Bagazam mafaka. Labarin baka na Azbinawa yana cewa rundunar Barno ta taɓa yi musu ƙawanya a nan, ta gaji ta koma. Bature Heinrich Barth ya ratsa Azbin a 1850 a hanyarsa ta zuwa Kano. Daga baya masu yawon buɗe ido suka riƙa zuwa, samari da yawa suka samu abinci da aikin jagora da hayar raƙuma. Tawayen 1990 zuwa 1995 da na 2007 zuwa 2009, sannan sace ma'aikatan haƙar uraniyam a Arlit a 2010, suka karya wannan sana'a. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, don ilimin hanya da na rijiyoyi ba a takarda yake ba, a kan mutane yake, idan ba a bi ba sai ya tafi da su.

Ɗan Zangon da ya ƙudura zuwa, lokacinsa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne. Ya fara gwada gwiwarsa a Agu. In ya isa Agadas, ya nemi izinin hukuma da labarin tsaro na wannan makon, ya ɗauki jagaba ɗan dutsen, ya biya shi hakkinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba, ya kuma yi sallama ga mai gari kafin ya ɗebi ruwa a rijiyar kowa.