Laminatin ɗin Takardu: Ina Gaskiya, Ina Jita-jita?

Da zarar yaro ya karɓo satifiket ɗinsa na WAEC ko NECO, sai a ce ya garzaya shagon kwamfuta a yi masa laminatin. Wasu kuma su ce kul, ai takardar da aka manna wa leda ta tashi daga aiki. Kowane ɓangare yana riƙe da guntun gaskiya, sai dai an yi mata ƙari.

Batun cewa laminatin yana soke sakamakon jarrabawa ba shi da tushe, domin sakamakon yana nan a ajiye wurin hukumar da ta bayar da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ledar tana danne hatimin nan mai tudu da ake ji da yatsa, tana hana mai tantancewa taɓa jikin takardar ya gane ta asali ce ko jabu, kuma ba a iya ƙara buga mata tambari. Shi ya sa ofishin fasfo na Birtaniya ba ya karɓar takardar da aka yi wa laminatin, hukumar Social Security ta Amurka ma ta ce kada a yi wa katinta. Mai shirin karatu a waje ya kiyaye.

Maganar da ta fi damuna ita ce wai in an ga dama sai a ɓare ledar. Ƙarya ce mai tsada. A cikin ledar akwai gam wanda zafin injin, da kan haura digiri 100, yake narkarwa ya shige jikin takarda, ɓarewa kuwa takan tafi da tawada har da fatar takardar. Masu adana takardun tarihi sun ɗanɗana kuɗarsu. Tun daga shekarun 1930 wani Ba'amurke, William Barrow, ya yaɗa dabarar manna wa tsofaffin takardu leda, daga baya ledar ta soma lalacewa tana warin tsami, tana cutar da abin da aka ce za ta kare. Ledar yau ta fi waccan ƙarko, amma gam ɗin ba ya sakin abin da ya kama.

Akwai ma takardun da zafin ke kashewa nan take. Rasit ɗin POS da hoton awon ciki na asibiti da zafi ake buga su, in suka bi ta injin sai su fito baƙi ƙirin.

Kariya daga ruwa da maiƙo gaskiya ce, muddin an bar ɗan bakin leda kewaye da takardar. Wanda ya yanke daidai gefenta ya buɗe wa danshin damina ƙofa. Rana kuwa ba ruwanta da leda ta gama-gari, fostar da aka kafa a waje sai ta koɗe. Zaɓi tsakanin leda mai sheƙi da marar sheƙi bai shafi ƙarfi sosai ba: mai sheƙi tana fito da kala, marar sheƙi ta fi daɗin karantawa a ƙarƙashin fitila.

A yi wa jadawalin aji, takardar farashin abinci da kwafin satifiket laminatin, wannan ya dace. Amma takardar haihuwa, takardar fili da satifiket na asali, don Allah a saka su cikin jakar fayil ta leda wadda ba ta mannewa, a ajiye nesa da danshi da gara.