Tsaron Dukiya a Fataucin Jirgin Ruwa a Ƙasar Jega

Garin Jega yana bakin Gulbin Zamfara, wanda a wannan yanki ake kira Gulbin Gindi. Malam Buhari ɗan Abdussalami ne ya kafa shi wajen shekarar 1820, kuma ba a daɗe ba kasuwarsa ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar Gwandu. Wani abin da ya taimaka mata shi ne ruwa. Gulbin Zamfara yana zuba cikin Gulbin Kabi, shi kuwa ya gangara Kwara, saboda haka idan ruwa ya cika sai jirage su hauro daga wajen Yawuri da Nufe da kaya.

To, jirgi ba kamar jaki ba ne. Mai jaki idan ya hangi 'yan fashi yana iya ratsewa daji, amma mai jirgi ba shi da hanya sai wadda gulbi ya ba shi. Ga nauyin kaya, ga tuƙi da gora, watau tafiya ce ta sannu wadda mutum a ƙasa yake iya bi yana kallo daga cikin duhuwa har ya ga inda za a kwana. Zamanin ma ba na kwanciyar hankali ba ne, gama tun daga tawayen Yakubu Nabame a 1849 Kabawan Argungu da Gwandu suka yi ta yaƙi, in ban da 'yan shekarun sulhun da ake kira Lafiyar Toga.

Dabara ta farko ita ce yawa. Falke mai hankali ba ya sakin jirginsa shi kaɗai, sai ya jira an haɗu an yi ayari, don an ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sa'an nan ba a ɗaure jirgi a gaɓar da ba kowa. Ana lissafin tafiya yadda magariba za ta riske su a kwatar wani gari, in kuwa ba ta yiwu ba, sai a kafa gora nesa da gaɓa a ɗaure, wani ya kwana ido biyu.

Amma tsaron da ya fi ƙarfi shi ne na mutane. Kwata tana ƙarƙashin Sarkin Ruwa, wanda ya san masunta da masu fito na yankinsa ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin fiton da falke yake biya, har da goron da yake miƙawa, ba asara ba ne ko kaɗan: ya shiga amanar mai wurin ke nan, kuma abin kunya ne kayan baƙo su ɓace a kwatar mutum. A cikin gari kuwa akwai maigida, mai saukar da baƙi, wanda yake ajiye kaya a ɗakinsa, ya nemo dillali, ya tsaya wa bashi. Wannan ya rage ɗaukar tsabar kuɗi, wanda dā ma wahala ne, tun da keso guda na wuri 20,000 kayan ƙato ne.

Ba a bar tsari a baya ba. Fatake sukan ɗaura layu da guraye, su nemi sagau don hannun mai sara ya sage, su yi tsoron ɓarawo mai baduhu. Ko me mutum zai ce game da gaskiyar waɗannan, sun yi aiki ta wata fuska, domin ɓarawon da ya yarda Basarke yana iya turo masa kada ba zai yi gaggawar taɓa jirginsa ba.

Da mota ta zo, sai fatauci ya bar gulbi. Albasar Aliero a manyan motoci take tafiya, ta bi ta Jega da Maiyama ta nufi kudu, 'yan fashi kuma suka koma bakin titi. Abin da ya rage a ruwa shi ne fito da su, kuma abin da ɓarawo yake hari a can shi ne jirgin kansa, da koma, da inji. Don haka mai jirgi yakan kwance injinsa da yamma ya kai gida, ya ɗaure jirgin da sarƙa da kwado, ya kuma yi masa shaida a jikin katako yadda zai gane shi ko an kai shi wata kwata.