Saƙa Mai Kama da Ƙwayar Gero

A watan Disamba da na Janairu iskar hunturu takan taso daga hamada, ta bugo Shinkafi da Zurmi da Ƙauran Namoda. Sanyin asuba yakan wahal da jarirai ƙwarai, har ya sa musu mura da tari. Don haka mata su ke sayen zaren ulu a kasuwa, su saƙa musu hula da safa da mayafi.

Ana yin wannan saƙa da kibiya biyu, zaren yana jere bisa ɗaya kamar ƙananan zobba. Ɗauri iri biyu ne tak, na gaba da na baya. In za a yi na gaba, zare yana bayan saƙa. Sai a soka kibiyar dama cikin zobe daga hagu, a naɗa zare, a jawo sabon zobe, a saki tsohon. In kuwa na baya ne, sai a fara kawo zare gaba, sa'an nan a soka kibiya daga dama. Na gaba yakan fito sumul, na baya kuwa da ɗan ƙulli.

To, ga yadda a ke samun ƙwayar gero. Yarinya ta jera zobba 21, ta yi na gaba ɗaya, na baya ɗaya, har ƙarshen layi. Sa'an nan ta juya saƙa, ta sāke farawa da na gaba. Da haka kowane ƙulli zai hau kan sumul, saƙa ta fito gurzai-gurzai kamar zangarniyar gero. Amma in zobban 20 ne ko 22, kuma ta fara kowane layi da na gaba, ƙulli zai hau ƙulli, sai ta sami dogayen layuka irin na bakin safa.

Abin lura shi ne sauya wurin zare kafin kowane ɗauri. Wadda ta manta, sai zobe ya ƙaru, rami ya fito.

Amfanin wannan saƙa babba ne. Gefenta ba ya naɗewa, ciki da waje duk ɗaya ne, tana kuma da kauri. Mayafin da aka yi da ita yakan kwanta lif, ya rufe jariri har gari ya waye.