Kalfu da Zauren Gidanta

Duk wanda ya tashi a gidan gandu ba sai an zana masa taswira ba kafin ya gane Kalfu. Ƙaramar hukuma ce a Nijar, amma tamkar gida ne babba a gabas da birnin Tawa, cikin ƙasar Adar, mutanensa sun haura dubu ɗari tun ƙidayar 2012. Barmu na maƙwabtaka da shi ta arewa, Keita da Tamaske ta wajen gabas. Ɗakunansa kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai tudu mai tsakuwa inda ruwa ke zamewa ya wuce, akwai jigawa inda ake shuka hatsi da wake, sai kuma fadama a cikin kwari, wadda ita ce ɗakin uwargida: nan dawa take da damina, nan lambu yake da rani, nan rijiya ba ta da zurfi, don haka nan idon kowa yake.

To, gidan nan a bakin hanya aka gina shi. A 1961 gwamnatin Nijar ta yi doka ta ja layi, ta ce daga nan zuwa arewa ƙasar kiwo ce, kudu kuma ta noma. Kalfu tana ɓangaren noma, amma ba ta da nisa da layin. Da ruwa ya sauka, garken Fulani da na Buzaye sai su haura zuwa Abalak da Azawak, wasu har Ingal don lasar gishiri. Da kaka su juyo. Tafiya da dawowa duk ta burtali ake bi, burtali kuwa shi ne zauren gidan. Kowa ya san ba a kafa gado a zaure. Ranar da wani ya ce ɗakinsa ya yi masa kaɗan, ya ɗan tsakuro zauren ya kewaye, wani ma ya gani ya yi haka, to mai shigowa da kaya ba shi da hanya sai ta cikin ɗakin mutane.

Abin da ya faru ke nan, ba kuma don mugunta ba. Gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya biyar ke rabawa. Farin 1973 da na 1984 sun koya wa manomi ya faɗaɗa gona ko ya samu abin da zai kai shi wata damina. Har aikin alherin da Adar ta yi suna a kansa ya taɓa zauren: ramukan tassa da na rabin wata, da irin gyaran ƙasar da aikin Keita ya faro a 1984, sun rayar da faƙon da a da ba ya fid da ko damin hatsi guda. Abin farin ciki ne, sai dai a kan faƙon nan bisashe ke tsayawa su huta.

Bayan zaure akwai maganar girki. Gona ɗaya ce, amma masu ita biyu ne, kowa da kwanansa. Daga shuka zuwa girbi ta manomi ce. Bayan an ɗauke amfani, hukuma ta tsayar da ranar sakin gonaki, sai ta koma hannun makiyayi, shanu su ci kara su bar taki. A da karɓar girkin nan da fara'a ake yi, a ba da hatsi a karɓi nono. Yanzu manomi ma yana da tumakinsa da ɗan sansa na turka, yana kwashe kara da harawa ya ɗora a bisa rumfa, ko ya kai kasuwa. Shi kuma makiyayi ba ya iya jira, domin tabkunan arewa sukan ƙafe tun dawa da wake ba su bar gona ba. Wannan ya zo kafin kwanansa, wancan bai gama nasa ba. Mafi yawan rigimar ɓarna a 'yan makonnin nan take aukuwa, shi ya sa nake ganin masu cewa faɗan Hausawa da Fulani ne ba su duba da kyau ba. Sau da yawa shanun da suka faɗa gonar ma na wani mai hali ne a cikin gari, kiwo kawai aka ba Bafulatani.

Wa zai raba gardama? Gidan yana da dattawa da yawa. Akwai sarki da masu gari da ardo, waɗanda suka san iyakar gonar kowa tun daga kakansa. Akwai ƙaramar hukuma, wadda dokar 2002 ta kafa, aka zaɓi kansiloli na farko a 2004, har zuwa Afrilun 2024 da gwamnatin soja ta rushe majalisun ta naɗa kantomomi. Sama da su ga firefe da gwamna a Tawa. Dokar karkara ta 1993 ta zo da kwamitocin filaye, waɗanda ake kira kofo, daga gunduma har ƙauye, aikinsu su shata burtali, su rubuta takardar gona, ta gado ko ta saye ko ta aro. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce yawon makiyayi da bisashensa haƙƙinsa ne. Ƙa'ida ita ce in an yi ɓarna a fara zuwa gaban sarki a yi sulhu a rubuta, in ya gagara a je kotu.

Dokoki dai sun wadata, tukunyar ce ƙarama. Ƙaramar hukuma da haraji da kuɗin kasuwa take rayuwa, majiya ƙarfin gidan kuwa rabin shekara suna cirani a Abijan ko Libiya ko Najeriya. Kofon da ba shi da kuɗin man babur ba zai je ya ga ɓarna da idonsa ba, in kuma bai je ba sai mai gona ya ɗauki sanda. Mun san inda sanda ke kaiwa. A Toda ta jihar Maradi, a 1991, an kashe mutum fiye da ɗari, galibinsu mata da yaran Fulani. A Bangi ta gundumar Madawa, cikin jihar Tawan nan tamu, mutum kusan 20 suka mutu a Nuwamban 2016, aka ƙona gidaje.

Don haka kirana ga kantoma da sarki da kofo shi ne a kafa turakun siminti a kowane burtali da mashaya tun da rani, kafin a yi shuka. Ranar sakin gonaki a tsayar da ita da ardo da sarkin noma a zaune, a sanar a rediyo da kasuwanni da Hausa da Fulatanci da Buzanci. Kai kuma ɗan'uwa da gonarka ta ci burtali, ka ja da baya da kanka bana, kada ka jira a aiko maka da jandarma.