Ko Babban Itace Na Bukatar Ban Ruwa? Abin Da Ya Kamata Magidanta a Gombe Su Sani

Daga watan Nuwamba zuwa ƙarshen Maris da wuya ɗigon ruwan sama ya taɓa ƙasa a birnin Gombe. A tsakanin nan ne magidanci kan tsaya ya dubi mangwaron da ke tsakar gidansa, ya dubi kurar mai ruwa a ƙofar gida, ya shiga lissafi. Ruwan famfo daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, ba kuwa kowace unguwa yake isa kullum ba. Wanda ke sayen jarka domin sha da girki, tilas ya tambayi kansa ko itacen da ya shekara ashirin a tsaye yana da haƙƙi a cikinta.

Akasarin mutane sun ɗauka cewa da zarar itace ya kafu, to ya gama da ban ruwa har abada. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma fa ba ga kowane itace ba.

Itatuwan ƙasar nan na asali, irin su kuka da tsamiya da aduwa da gawo, sun san rani tun fil azal. Kuka tana ajiye ruwa a cikin kututturenta, ta kuma zubar da ganye. Gawo kuwa saiwarsa takan nutsa har ta cim ma damshin ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa yake kore shar da rani. Dogon yaro, wanda asalinsa daga Indiya ne, shi ma jarumi ne wajen haƙuri da ƙishirwa. Duk da haka, akwai lokacin da dogon yaro masu yawa suka yi ta bushewa daga sama a Nijar da Arewacin Nijeriya. Watau haƙurin itace ma yana da iyaka.

Itatuwan marmari ba haka suke ba. Lemo da gwaiba saiwoyinsu ba su da zurfi, ƙasar Gombe kuwa a wurare da dama jigawa ce wadda ba ta riƙe ruwa. In aka bar su watanni biyar ba ko ɗigo, ko ba su mutu ba 'ya'yansu za su ƙanƙance su zube. Mangwaro yana da tasa ɗabi'a. Yana son ƙasa ta bushe kafin ya yi fure da hunturu, wanda ya cika shi da ruwa a lokacin sai ya sami ganye a maimakon fure. Sa'ad da 'ya'ya suka ƙulla, a nan ne ruwa yake yi masa rana.

Har wa yau akwai wata matsala da birni ya kawo. Tun da Gombe ta zama hedkwatar jiha ran 1 ga Oktoba, 1996, gine-gine sun yawaita, an shafe tsakar gidaje da siminti har gindin itace. Ruwan daminar da dā yake shiga ƙasa ya zama guzurin itace na rani, yanzu lambatu yake bi ya faɗa kwazazzabai, ya ƙara cin ƙasar unguwanni. Itacen da aka yi wa wannan ƙawanya ya girma, amma an raba shi da rabonsa. Idan kuwa ya raunana sai gara da ƙwari su far masa, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hanyar ban ruwan ma ana kuskurenta. Ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa sun bazu ne zuwa inda inuwar rassa ta ƙare da tsakar rana, har ma su wuce. Zuba bokiti a jikin kututture kowace safiya asara ce, ga lemo kuwa yakan jawo ruɓewar gindi. Abin da ya fi shi ne a tona ɗan kwari kewaye da bakin inuwar, a cika shi da yamma sau ɗaya cikin kwana 10 ko 14, ruwan ya nutsa sosai, sa'an nan a rufe wurin da busasshen ganye ko ciyawa. Ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka, in babu sabulu mai yawa ko gishiri, ya wadatar. Inda aka yi siminti, a fasa a bar wa itacen fili.

A 2019 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green, da burin dasa miliyan ɗaya kowace shekara. Sabon dashe shi ne ya fi cancantar ruwa, aƙalla a raninsa biyu ko uku na farko. Amma magidanta su tuna da tsohon da ke tsakar gida a watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura. In ganyensa ya soma yaushi tun da safe, ko kan rassansa ya fara bushewa, a taimake shi kafin damina ta sauka. Dashen da za a yi a gurbinsa sai ya shekara goma ko fiye kafin a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinsa.